Mallakar manhaja: kada a kafa shinge a kan burtalin da wayar Belbeji ke bi

Sama da shekara 25 ke nan ana kai ruwa rana a kotuna da majalisun Amurka da Turai kan tambaya guda: shin ya dace hukuma ta bai wa mutum ko kamfani takardar mallakar wata dabarar manhaja, ta yadda babu wanda zai sake aiki da ita har tsawon shekara 20 sai da izininsa? Mazaunin Belbeji da ke fama da tsadar hatsi da ƙarancin ruwa zai iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce. Sai dai wayar da ke aljihunsa ta riga ta saka shi a ciki. Da ita yake jin farashin gero a Tanut da Bakin Birji, ta cikinta ɗansa da ya tafi cin rani Libiya ko Aljeriya ko Kano yake turo saƙon murya da lambar karɓar kuɗi. Duk wannan yana tafiya ne a kan manhajojin da wasu suka rubuta, ƙarƙashin dokokin da wasu suka tsara.

Dokar da Nijar ke bi a yau ba ta yarda a ba da irin wannan takarda a kan manhajar kwamfuta ba. Ba abin mamaki ba ne idan matashin da ya koyi rubuta manhaja a Damagaram ko Yamai ya ɗauki hakan a matsayin koma baya, ganin yadda kamfanonin Amurka ke alfahari da dubban takardun da suka tara. Amma idan aka duba abin da ya faru a ƙasashen da suka buɗe wannan ƙofa, har da maƙwabciya Najeriya, za a ga cewa hanin nan yana cikin abubuwan da dokar ta yi daidai. Gyaran da ake buƙata shi ne a ƙara masa ƙarfi, a kuma toshe ɓarakar da ake iya kewaye shi ta ciki.

Maganar ta zo a kan gaɓa. Ƙasashen Afirka sun amince da ƙa'idar mallakar fasaha ta kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar a watan Fabrairun 2023, kasuwar da aka ƙaddamar da matakin aikinta a Yamai a watan Yulin 2019. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suna sake bitar yarjejeniyoyi da dama da sunan 'yancin kai. Duk lokacin da aka buɗe littafin doka domin gyara, masu lauyoyi ne ke fara isa bakin ƙofa.

Gona daban, burtali daban

Kariya iri biyu ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce haƙƙin marubuci. Wanda ya rubuta littafi ko waƙa ko manhaja, rubutun nasa ne tun daga ranar da ya yi shi, ba sai ya biya kowa ba, kuma wanda ya kwafe ba izini ya yi sata. Ta biyu ita ce takardar mallakar ƙirƙira, wadda ake kira brevet da Faransanci, patent da Ingilishi. Ita wannan dabarar kanta take killacewa. Wanda ya riƙe ta yana da ikon hana duk wani yin abu ta wannan hanya, ko da mutumin bai taɓa jin labarinsa ba, ko da shi kaɗai ya zauna ya gano hanyar da kansa.

Mutanen Damargu sun fi kowa sanin wannan bambanci, ko da ba da waɗannan sunaye ba. Yankin yana bakin iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo, kuma zaman lafiyar manomi da makiyayi a kwarin Tarka ya dogara ne ga abu guda: gona ta mai ita ce, burtali kuwa na kowa ne. Wanda ya shiga gonar wani da garke zai biya ɓarna. Wanda ya cinye burtali ya haɗa da gonarsa, ya tare wa dubban dabbobi hanyar mashaya, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Shi ya sa dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 suka tsare hanyoyin dabbobi. Rubutun manhaja gona ne, mai shi ya yi wahala a kai. Dabarun lissafi da ake gina manhaja da su, yadda ake jera bayanai, yadda ake tura saƙo, yadda ake tabbatar da biyan kuɗi, su ne burtalin da kowane mai rubuta manhaja ke bi.

Nijar ba ta da ofishin da ke ba da takardar ƙirƙira ita kaɗai. Tana cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda hedikwatarta ke Yawunde a Kamaru, kuma Yarjejeniyar Bangui ta 1977 ce dokarta, wadda aka yi wa gyara a 1999 da kuma a Bamako a 2015. Takarda ɗaya da OAPI ta bayar tana aiki a dukkan ƙasashen 17, daga Senegal zuwa Chadi, har tsawon shekara 20. Yarjejeniyar ta ware manhajojin kwamfuta daga cikin abubuwan da ake bai wa wannan takarda, ta kuma saka su ƙarƙashin haƙƙin marubuci. Wato ta kare gona, ta bar burtali a buɗe.

Abin da ke cikin wayar

A 2011 Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta bayan an cire ta daga Tanut. Yanki ne mai faɗi, na Hausawa da Abzinawa da Fulani, inda tafiya daga ƙauye zuwa kasuwa ke cin yini. A irin wannan wuri waya ba kayan ado ba ce. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta Jami'ar Tufts ta bibiyi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da layin salula ke isa garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa zuwansa ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma kasuwanni masu nisa da mummunar hanya ne suka fi cin moriya. A wancan lokaci kira kawai ake yi. Yau abin ya wuce nan.

Saƙon murya na WhatsApp shi ne wasiƙar wanda bai yi boko ba. Abin da ke matse muryar ta yi ƙanƙanta har ta wuce ta layi mai rauni wata fasaha ce mai suna Opus, wadda aka tabbatar a matsayin ƙa'idar intanet a 2012 bisa sharaɗin kowa ya yi aiki da ita ba tare da biyan ko sisi ba. A kwatanta ta da MP3, wadda ake loda waƙoƙi da wa'azi da ita a katin waya a kowace kasuwa: shekara da shekaru masu ƙera na'urori da masu rubuta manhaja suna biyan kuɗin lasisinta, sai a 2017 aka rufe shirin karɓar kuɗin bayan takardun sun ƙare. Manhajar Android da ke tafiyar da mafi yawan wayoyin zamani masu araha an gina ta ne a kan Linux, wadda kowa ke iya ɗauka ya gyara. Tsarin DHIS2 da ma'aikatar lafiya ta Nijar ke tattara alƙaluman asibitoci da shi, Jami'ar Oslo ce ta samar da shi a buɗe. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ, da haruffan Tifinagh na Abzinawa, suna cikin kundin Unicode wanda ba a biyan kuɗi kafin a yi rubutu da shi.

Ko a haka ma mai sayen waya a Belbeji yana biyan harajin da bai sani ba. Takardun kotu sun nuna cewa a shekarar 2013 kaɗai Samsung ya biya Microsoft kusan dala biliyan 1 saboda takardun mallaka da Microsoft ya ce Android ta taka, alhali ba Microsoft ne ya rubuta Android ba. A 2024 kamfanin Qualcomm ya kai Transsion, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, ƙara a Indiya kan takardun mallaka. Kamfani ba ya biyan irin wannan kuɗi daga aljihunsa. A kan farashin waya yake ɗora shi, kuma a ƙarshe mai sayar da akuya domin ya sayi wayar ne ke biya. Wannan nauyin rigimar da ake yi a wasu ƙasashe ne. Idan aka shigo da ita cikin gida, nauyin zai ninka.

Amurka ta buɗe, ta dawo tana rufewa

A 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka, a shari'ar State Street, ta yanke cewa ana iya mallakar hanyar gudanar da kasuwanci da aka yi da kwamfuta. Shekara guda bayan haka Amazon ya samu takarda a kan sayen kaya da dannawa ɗaya, ya kuma samu umarnin kotu da ya hana abokin gasarsa Barnes & Noble yin haka. Dabarar ajiye bayanan mai saye domin kada ya sake rubutawa ta zama mallakar kamfani guda har zuwa 2017. Ofishin Turai bai ba da wannan takarda ba.

Daga nan wata sana'a ta bunƙasa: kamfanonin da ba sa ƙera komai, sai dai su sayi takardu su zauna jiran wanda zai yi nasara su kai shi kotu. A 2006 kamfanin da ke yin wayar BlackBerry ya biya wani kamfani mai suna NTP dala miliyan 612.5 domin kada a rufe masa aiki a Amurka, a daidai lokacin da ofishin da ya ba da takardun ke sake nazari yana nuna shakku a kansu. Ƙananan kamfanoni da ba su da ƙarfin shari'a kuwa sukan biya ne kawai su huta, domin kuɗin kare kai ya fi abin da ake nema a hannunsu. Abin ya kai majalisar dokokin Amurka ta yi gyara a 2011 domin sauƙaƙa ƙalubalantar takardun da ba su da tushe. A watan Yunin 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Alice, ta yanke da murya ɗaya cewa ɗaukar tsohuwar dabara a ce a yi ta da kwamfuta bai mayar da ita ƙirƙira ba. Takardu masu yawa sun rushe bayan wannan hukunci. Har yanzu ba a gama ba, domin sanatoci Thom Tillis da Chris Coons sun sha gabatar da ƙudurin da zai sake faɗaɗa abin da ake iya mallaka.

Turai ta bi wata hanya. Yarjejeniyarta ta 1973 ta cire manhaja daga jerin ƙirƙira, amma ta ƙara wasu kalmomi da ke nufin manhaja a karan kanta kawai aka cire. Ta wannan 'yar kafa lauyoyi suka riƙa shigo da manhaja cikin rigar na'ura, ofishin kuma ya ba da dubban takardu. Da aka zo da ƙudurin da masu suka ke ganin zai halatta wannan ɗabi'a, ƙananan kamfanoni da masu rubuta manhaja suka tashi tsaye, Majalisar Turai ta yi watsi da shi ranar 6 ga Yulin 2005 da ƙuri'a 648, 14 kacal suka goyi baya. Indiya, wadda ta zama gagarau a sana'ar manhaja, dokarta ta hana mallakar manhaja a karan kanta. New Zealand ta yi irin wannan hani a 2013. Babu ɗaya daga cikinsu da masana'antar manhajarta ta mutu saboda haka.

Gani ga wane

Ba sai an je nesa ba. Dokar Najeriya ta 1970 ba ta ambaci manhaja ba, kuma ofishin rajista ba ya binciken ko abin da aka kawo sabo ne da gaske. Idan takardun neman sun cika ana bayarwa, wanda bai yarda ba ya tafi kotu. Shari'u biyu sun nuna inda wannan ke kaiwa.

A 2007 shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfuta, OLPC, ya yi gwaji a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja. A watan Nuwamba na shekarar kamfanin LANCOR, mai allon rubutu na Konyin da aka tsara domin harsunan Najeriya da haruffansu na musamman, ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas. Ya ce an kwaikwayi tsarin allonsa mai rajista da manhajar da ke tafiyar da shi, ya nemi diyyar dala miliyan 20, kotu kuma ta ba da umarnin wucin gadi na dakatar da rarraba kwamfutocin a ƙasar. OLPC ya musanta zargin. Ko wane ne ke da gaskiya, abin lura shi ne cewa hanyar buga haruffan harsunan gida ta zama abin da ake iya tsayar da kwamfutar 'yan makaranta a kansa.

Ta biyu ta fi girma. Bayan hukumar zaɓe ta INEC ta sayo na'urorin ɗaukar bayanan masu zaɓe domin rajistar da aka yi gabanin zaɓen 2011, kamfanin Bedding Holdings ya ce yana da takardar mallaka a kan tsarin tattara irin waɗannan bayanai. A watan Janairun 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba shi gaskiya, ta umarci a biya shi sama da naira biliyan 17. Hukuncin kotun farko ne, amma darasin a fili yake: takardar da aka bayar ba tare da bincike ba tana iya zama igiya a wuyan aikin gwamnati gaba ɗaya. A ƙaddara wani ya riƙe irin wannan takarda a kan tura kuɗi da lambar sirri ta waya, ko rajistar dabbobi da hoto, ko sanar da farashin kasuwa ta saƙon murya, kuma tana aiki a ƙasashe 17 lokaci guda. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, waɗanda iyalan 'yan cin rani suka dogara da su, ko dai su biya su ɗora wa jama'a, ko su tsaya.

Nijar ta taɓa ɗanɗanawa

Nijar ba baƙuwa ba ce ga rigimar mallakar fasaha, ko da ba a kan manhaja ba. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a ƙasar, kuma abin da ya ba da damar haka shi ne Plumpy'nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda uwa ke iya bai wa ɗanta a gida. Kamfanin Nutriset na Faransa da cibiyar bincike ta IRD ne ke da takardar mallakarsa a wancan lokaci. Kamfanin ya bai wa masana'antar STA ta Yamai lasisin yin sa, kuma hujjarsa ita ce takardar tana kare ƙananan masana'antun Afirka daga manyan kamfanonin ƙetare. A 2009 MSF ta fito fili ta soki yadda ake amfani da takardar wajen taƙaita masu samarwa, wasu ƙungiyoyin agaji biyu na Amurka suka je kotu, a 2010 kamfanin ya sassauta sharuɗɗan lasisi ga masana'antun ƙasashe masu tasowa. Wannan ƙirƙira ce ta gaske da ta ceci rayuka, amma duk da haka sai da aka yi ta ja-in-ja kafin ƙofa ta ƙara buɗewa.

Sai albasar Galmi. Wani kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, ya nemi OAPI ta ba shi kariya a kan iri mai sunan Violet de Galmi, albasar da manoman jihar Tawa suka gada kaka da kakanni. Sai da manoma da hukumomin Nijar suka yi ƙorafi kafin a sauya sunan. Daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu rajistar alamar asali a OAPI, wadda ke kare sunan domin amfanin dukkan masu sana'ar yankin. Labaran biyu suna koyar da abu guda: wanda ya san hanyar ofis shi ke fara isa, kuma kariyar da ta fi dacewa da talaka ita ce wadda ba ta killace ilimi a hannun mutum ɗaya.

Hujjar masu son a buɗe ƙofa

Masu goyon bayan mallakar manhaja suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Ta farko ita ce ta adalci: matashi ya kwana yana tunani, ya fito da dabara, ya nuna wa wani babban kamfani ko jami'i, bayan wata shida ya ga abinsa a kasuwa da sunan wani. Wannan yana faruwa, kuma yana da ciwo. Amma takardar ƙirƙira ba ita ce maganinsa ba. Neman ta yana buƙatar ƙwararren da zai rubuta ta, da kuɗin nema, da kuɗin sabuntawa kowace shekara, sannan idan an taka ta mai ita ne zai ɗauki lauya ya yi shari'a. Wanda ba ya iya biyan kuɗin intanet na wata ba zai ja da kamfanin sadarwa a kotu ba. Mafi yawan takardun da OAPI ke bayarwa ma na masu nema daga wajen yankin ne. Ranar da aka halatta mallakar manhaja, waɗanda ke da dubban takardu a ajiye a Amurka da China da Turai su ne za su fara cika layi a Yawunde, matashin Damagaram kuma ya wayi gari yana taka haƙƙin wani a cikin ƙasarsa.

Ta biyu ita ce masu zuba jari suna son ganin takarda. Wasu suna so, gaskiya ne. Amma M-Pesa ta Kenya, wadda ta fara aiki a 2007, ta yi ƙarfi ne da yawan wakilanta a kowane lungu da amincewar jama'a. A harkar manhaja abin da ke jawo jari shi ne masu amfani, da saurin gyara, da suna mai kyau.

Ta uku ita ce bai dace a bambanta injiniyan ƙarfe da injiniyan manhaja ba. A nan ma dokar ba ta rufe ƙofa ga ƙirƙira ta gaske ba. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar da ya ƙirƙiro hanyar kunna ban-ruwan gona daga nesa da wayar salula, ya samu babbar lambar yabo ta Sarki Hassan na Biyu kan ruwa a 2015. Irin wannan aiki, mai famfo da hasken rana da na'urar da ke karɓar umarni, shi ne abin da aka yi tsarin takardar ƙirƙira dominsa. Magani ko inji yana cin shekaru da dukiya kafin ya fito, shi ya sa shekara 20 ke da ma'ana a kansa. A duniyar manhaja shekara 20 zamani ne guda: shekara 20 da suka wuce babu WhatsApp, babu wayar Android a kasuwa.

Akwai kuma masu cewa dokokin duniya sun tilasta. Yarjejeniyar TRIPS ta ƙungiyar ciniki ta duniya ta ce a kare manhaja kamar yadda ake kare rubutun adabi, kuma ƙasashe da dama sun cire manhaja daga takardar ƙirƙira ba tare da an hukunta su ba. Bugu da ƙari, ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, ciki har da Nijar, an ɗaga musu ƙafa kan mafi yawan sharuɗɗan har zuwa 1 ga Yulin 2034. A gyaran 1999 ƙasashen OAPI sun yi gaggawar ɗaukar nauyin da ba a tilasta musu ba tukuna, abin da ƙungiyoyin lafiya suka soka saboda tasirinsa ga farashin magani. Bai kamata a maimaita wannan gaggawa a kan manhaja ba.

Gyaran da ya dace

Abu na farko, wakilan Nijar a OAPI da kuma a tattaunawar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka su riƙe hanin da ke akwai, su nemi a fayyace shi: ambaton kwamfuta ko waya ko intanet a cikin takardar nema bai isa ya mayar da dabarar lissafi ko hanyar ciniki ƙirƙira ba. Abin da ya faru a Turai ya nuna cewa hanin da ba a fayyace ba, lauya yana kewaye shi da kalma biyu.

Na biyu, bincike. Shekaru da yawa OAPI tana ba da takardu ba tare da zurfafa binciken sabuntar abin da aka kawo ba. Gyaran Bamako ya tanadi wannan bincike da damar ƙalubalantar buƙata kafin a amince da ita. Tanadi a takarda ba ya aiki da kansa. Ana buƙatar ƙwararrun masu bincike, da wallafa buƙatun a inda kowa zai gani, da mutane a Jami'ar André Salifou ta Damagaram da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da za su riƙa karantawa suna ɗaga murya a kan lokaci. Albasar Galmi ta tsira ne saboda wani ya lura.

Na uku, a bai wa matashi kariyar da zai iya ɗauka. Hukumar haƙƙin marubuta ta BNDA, wadda aka fi sani da harkar mawaƙa, ta sauƙaƙa ajiye shaidar rubutun manhaja da kwanan wata, har daga jihohi. Cibiyoyin renon sana'a irin su CIPMEN su koya wa matasa yarjejeniyar riƙe sirri kafin nuna dabara, da kwangilar da ke fayyace wa ke da rubutun bayan an gama aiki, da rajistar sunan kasuwanci. Mafi yawan cutar da ake yi wa masu rubuta manhaja a nan take faruwa, kuma maganinta bai kai kuɗin takardar ƙirƙira ba.

Na huɗu, duk manhajar da aka biya da kuɗin gwamnati ko na agaji domin asibiti ko makaranta ko kasuwar dabbobi, a sa sharaɗin a miƙa rubutunta, a kuma gina ta a kan ƙa'idojin da ba a biyan lasisi. Ta haka idan kamfanin ya tafi ko aikin ya ƙare, ɗan ƙasa zai iya ci gaba da gyara, ya ƙara Hausa da Tamajak da Fulatanci ba tare da neman izini daga wata nahiya ba.

'Yan Nijar mazauna ƙetare suna da rawar takawa a nan. Da yawansu suna aiki a ƙasashen da wannan rigima ta ci dukiya, sun san yadda wasiƙar lauya guda ke kashe ƙaramin kamfani. Su ne suka fi cancanta su faɗa wa masu tsara doka cewa yawan takardun mallaka ba shi ne ma'aunin ci gaba ba. Abin da ke hana matashin Belbeji rubuta manhajar farashin raƙuma da gero a yau shi ne wutar lantarki, da ƙarfin layi, da tsadar intanet, da rashin malami. Waɗannan matsaloli ne masu nauyi, amma ana iya magance su da kuɗi da niyya. Shingen da doka ta kafa a kan dabara kuwa, idan ya tsaya, sai an jira shekara 20 kafin ya faɗi.